Ƙuli-ƙuli ba ya komawa gyaɗa

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, muna rubuto muku daga wani gari da ke kudu da Maradi, kan hanyar Madarumfa. Mu 28 ne a ƙungiyarmu. Sana'armu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, zubinmu dala 100 kowace Laraba bayan la'asar. Mun daɗe muna ja-in-ja a kan ko mu aiko da wannan labari ko mu rufa wa kanmu asiri, don akwai abin kunya a cikinsa. Daga ƙarshe muka ga in mun yi shiru, wata ƙungiya za ta faɗa ramin da muka faɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ƴan shekarun baya wani furoje ya yi aiki da mu, da zai tashi ya bar mana ƴar kamara ta ɗaukar hoto, wadda ba ta fi tafin hannu ba. Malamar furojen ta ba mu shawara mai kyau. Ta ce duk ƙarshen wata mu buɗe littafin lissafi mu ɗauki hoton kowane shafi, ko da wani abu zai sami littafin, lissafinmu na nan. Muka ji daɗi. Sakatariyarmu ce ke ɗauka, ma'ajiya na riƙe mata littafin.

Amma kun san halinmu. Kamara ta shigo gari, ai ba littafi kaɗai za ta gani ba. Aka fara aronta ranar suna, aka kai ta gidan biki, aka ɗauki amare, aka ɗauki raguna. A cikin kamara akwai wani ɗan kati da hotuna ke zama a kansa, wanda yara ke kira memuwar. Namu ƙarami ne, giga 2, yana cin hoto wajen 500 ya cika. Ran nan ana tsakiyar kamun amarya sai kamara ta ƙi ɗauka. Aka kira ɗan wata daga cikinmu, ɗan makaranta mai wayon hannu. Ya latsa nan ya latsa can, ya goge wasu tsofaffin hotuna, ya juyo mana da kamara yana murmushi ya ce: "Inna, ku duba, yanzu hwa sai kun gaji da ɗauka." Muka duba lambar da ke nuna hoto nawa ya rage, ta tashi daga ɗaruruwa ta koma dubbai. Muka yi ta sa masa albarka, har aka ba shi kuɗin goro. Babu wadda ta tambaya me aka rage kafin wuri ya samu. A ɗan gilashin bayan kamara hotuna na fitowa tas kamar da. Haka muka ci gaba fiye da shekara biyu.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa sakin jiki da kamarar nan ba, ita ce tsohuwar da ta kafa ƙungiyarmu, wadda kowa ke ce wa Inna. Tana cikin matan da suka ga farkon Mata Masu Dubara, tsarin da CARE ta soma da shi a jahar Maradi a 1991. A zamaninsu babu mai karatun boko a cikinsu, lissafi a ka yake. Kowace mace na da wurin zamanta a tabarma, ba ta canzawa, kuma kowace na riƙe da bashin wadda ke damanta: nawa ta ɗauka, yaushe, nawa ta biya. Duk kuɗin da ya shiga akwati sai an ɗaga shi sama an faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Da littafi ya zo muka fara sakaci da wannan, da kamara ta zo muka bar shi gaba ɗaya. Mai biya ta miƙa, sakatariya ta rubuta, sauran muna hira. Inna takan ce: "Ku dai kun ba ƙarhe amanarku. Mi za shi hwaɗi ranar da anka tambaye shi?" Mu yi dariya mu ce Inna ta tsufa. Ta rasu da bazarar 2024, Allah ya jiƙan ta.

Damunar 2024 ba sai mun ba ku labarinta ba, ƴan Maradi da ƴan Damagaram kun fi mu sani. Ita ce damunar da tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. A garinmu ruwan dare ɗaya ya kwantar da bangon ɗakin ma'ajiya. Allah ya tsare rai, amma akwatinmu ya kwana biyu ƙarƙashin laka kafin a tono shi. Masu makulli uku suka zo aka buɗe a gaban kowa. Kuɗi sun jiƙe, muka shanya su a faifai suka bushe. Littafi kuwa ya zama kunu. Shafuka sun manne, in ka ja ɗaya sai biyar su biyo shi a yage.

Ba mu tashi hankali ba. Shugaba ta ce: "Ai muna da hoto." Har wata ta yi guɗa.

Aka kawo kamara, aka buɗe hoton watan da ya wuce. Daga nesa ga littafi nan, ga layuka, ga rubutu. Da sakatariya ta matso da hoton don ta karanta, sai rubutun ya watse ya koma ƴan dabbare-dabbare masu kusurwa, kamar an zuba tsakin gero a kan takarda. Sunaye muna iya cinta, don mun san jerinsu. Lambobi kuwa sai dai hasashe.

Mafi yawan lissafin bai ba mu wuya ba, don zubi kowa ta san nata, ƙananan basussuka kuma babu gardama. Inda aka tsaya shi ne kan wata ƴar uwarmu mai sayar da daddawa, wadda ta ɗauki jika 100 da rani. Ta ce ta biya jika 80, saura 20 da riba. Aka duba layinta. Lambar farko ko 8 ce ko 3, ido bai iya rabewa. In 8 ce, gaskiyarta. In 3 ce, akwai jika 50 a wuyanta. Sakatariya ta ce ita ba za ta rantse ba, abin da take rubutawa a wata yana da yawa. Kuɗin akwati kuma ba su raba gardama ba, tunda sauran lissafin ma bai kammalu ba balle a san abin da ya kamata a tarar a ciki.

A nan ne muka yi abin kunyar. Babu wadda ta ce mata ɓarauniya, amma kun san yadda ake yi. Wannan ta karɓi kamara ta ƙura ido ta ce: "Ni dai 3 nika gani." Waccan ta ce: "To, daddawa ce za ta kawo jika 80 a tashi ɗaya?" Aka yi shiru irin wanda ya fi zagi ciwo. Baiwar Allah ta tashi ta kaɗe zanenta ta ce: "Shekara 11 ina zama tabarmag ga, yau ni ce anka tsare da hoto?" Ta fita. Laraba ta zagayo ba ta zo ba, ta aiko ɗiyarta da zubi.

Sai muka yanke shawarar a kai katin Maradi wurin masu wanke hoto, ko in an fitar da shi a babbar takarda lambar ta fito. Mu uku muka tafi. Mai shagon saurayi ne mai haƙuri. Ya sa katin a kwamfuta, ya duba, ya girgiza kai ya ce: "Hajiya, wa ya taɓa muku kamarag ga?" Muka ce lafiya? Ya jawo mana benci ya ce mu zauna. Abin da ya koya mana a ranar shi ne dalilin wannan rubutu, kuma za mu faɗe shi yadda muka fahimce shi.

Ya ce hoton kamara ɗigo-ɗigo ne aka jera, kamar saƙar tabarma. In saƙa ta yi ƙanana kuma ta yi yawa, zane na fitowa da kyau. In kaba ta yi faɗi, sai dai a ga alama. Waɗannan ɗigo su ake kira piksel. Kamararmu na iya jera 4000 a kwance, 3000 a tsaye, wato miliyan 12 a hoto ɗaya. Shi ne abin da aka rubuta 12 MP a jikinta, muna gani ba mu san ma'anarsa ba. Yaron nan ya mayar da ita kan mafi ƙanƙanta, wanda ake rubutawa VGA, 640 a kwance, 480 a tsaye. Wato cikin kashi 40 na abin da kamara ke iya gani, kashi ɗaya kawai muke ajiyewa. Ga shi kuma sakatariya na ɗaukar shafi biyu a hoto ɗaya, har da gefen tabarma da yatsun ma'ajiya. Ya auna mana a kwamfuta: kowace lamba ɗigo 5 ko 6 ta samu a faɗinta. Bambancin 3 da 8 kuwa ɗan rufin gefen hagu ne, bai fi ɗigo ɗaya ko biyu ba. Da a kan babba aka ɗauka, lamba ɗaya za ta samu ɗigo 30 ko fi.

Wannan shi ne girman hoto. Ya ce akwai abu na biyu, shi ne matsa. Yawancin kamarori da wayoyi na ajiye hoto da wani tsari mai suna JPEG, wanda ya kusa zama tsaran Mata Masu Dubara, don a 1992 aka fitar da shi. Aikinsa shi ne ya matse hoto ya zubar da abin da yake ganin ido ba zai lura da shi ba, don hoton ya yi sauƙin ajiya. Kamara na ba mutum zaɓin yawan matsar. In an sa Fine, ko Superfine a wasu, matsa kaɗan ce. Normal tsaka-tsaki. Basic matsa ce mai tsanani, ita ce ke sa gefen rubutu ya yi hazo. Tamu an rage girma, an kuma ƙara matsa. Duka biyu.

Shugabarmu ta ce: "To ɗana, tunda ka gane ciwon, ka mayar muna da shi babba mana. Ko nawa ne mu biya." Ya tambaye mu sana'armu, muka faɗa masa. Ya ce: "Inna, in kun matse gyaɗa kun toya ƙuli-ƙuli, in na kawo muku shi in ce ku mayar mini da gyaɗata, za ku iya?" Muka kalli juna. Ya ce babban hoto ana iya rage shi kowane lokaci, ƙaramin ba ya komawa babba. Ya ce akwai manhajojin da ke gyara hoto su sa ya yi kyau, amma cikewa suke da hasashe. In ya sa musu lambarmu za su zaɓi 3 ko 8 su zana ta tas, kuma zaɓin nasu ba shaida ba ne. Ya ce shi ba zai sa hannu a raba mutane da hasashen na'ura ba. Har yau muna gode masa a kan wannan magana.

Kafin mu tashi muka roƙe shi abu ɗaya. A katin akwai hoton Inna guda, tana zaune bakin akwati da carbinta, shi kaɗai ne hotonta da ƙungiya ke da shi. Mun so a wanke shi babba mu rataya inda muke taro. Ya ce don hoto ya fito da kyau a takarda ana son ɗigo wajen 120 a kowane santimita. Hoton hannu na 10 da 15 na son 1200 da 1800. Mai girman takardar ofis, A4, na son kusan miliyan 9. Na Inna iyakarsa santimita 5 da 4. Ya gwada babba don mu gani da idonmu, fuskar ta narke, ba ka ce ita ce ba. Muka karɓi ƙaramin, kamar na katin ɗan ƙasa. Yana manne yanzu a cikin murfin akwati. Babu wadda ta yi magana a mota har muka iso gida.

Lissafin jika 50 kuwa, ba hoto ya warware shi ba. Laraba ta gaba shugaba ta ce kowa ta koma wurin zamanta na zamanin Inna, a bi mako-mako daga ranar da aka ba da bashin, kowa ta faɗi abin da ta tuna. Muka yi zama uku a kan haka. A na biyu ne ɗaya daga cikin masu ƙirga kuɗi, wadda ba ta cika magana ba, ta ce: "Ku tsaya. Ba ranar da hadari ya kore mu munka shige zaure ba? Ni na ƙirga. Ƴan jika goma-goma ne guda 8, suna warin daddawa, har na ce mata ko cikin tukunya taka ajiyarsu." Sai wata ta tuna a makon ne mai daddawa ta sayar da ragonta. Sai wata ta tuna ita ta raka ɗanta da ya ja ragon zuwa kasuwa. Da aka gama haɗa lissafin kowa aka ƙirga kuɗin akwati, suka yi daidai da 80.

Mu duka muka tashi muka je gidanta. Shugaba ta durƙusa ta ce: "Yaya, mun yi miki laihi, ki gahwarta muna." Ta ce ta yafe, kuma ta dawo. Amma magana zarar bunu ce. Da ita ce mai ba mu dariya a taro, yanzu ta zuba kuɗinta ta yi shiru, kuma tun daga ranar ba ta sake neman bashi ba. Muna fata lokaci ya gyara. Wannan ita ce asarar da muka yi, ta fi littafin, ta fi hoton.

Ga abin da muka tsayar a ƙungiyarmu tun daga nan. Ko kamara gare ku ko wayar hannu, Tecno ce ko Itel ko Samsung, duk tafiyar ɗaya ce.

Na farko, a shiga inda ake saita kamara, galibi alamarsa ɗan gargare mai haƙora. A nemi inda aka rubuta Taille d'image ko Résolution, a zaɓi mafi girma. A wasu kamarori harafi ne, L babba, M matsakaici, S ƙarami. Sannan a nemi Qualité a sa Fine. In kati ya cika, kada a rage hoto, a sayi wani katin. Hoto mai kyau na cin mega 3 zuwa 5, katin giga 8 na ɗaukar wajen 2000. Mu da kuɗin tarar makara muka sayi namu, kuma katin lissafi daban, na biki daban. Araha ba ta ado.

Na biyu, a bar shi a kan JPEG, don shi ne kowace waya da kowane shagon hoto ke buɗewa. Wasu kamarori na da wani zaɓi mai suna RAW, ma'anarsa ɗanye. Shi kamar gero ne a zangarniya, babu abin da aka zubar, amma sai an sussuka an daka kafin a ci. Yana cin wuri ninkin-ba-ninkin, kuma sai da kwamfuta da wanda ya iya. Na masu sana'ar hoto ne, ba namu ba. Wasu sababbin wayoyi kuma, irin su iPhone, na ajiye hoto da wani tsari mai suna HEIC. Yana da kyau, amma ba kowace tsohuwar waya ko kwamfuta ke buɗe shi ba. In za ku ba wani hoton, ku tabbatar ya buɗu a wurinsa.

Na uku, shafi ɗaya, hoto ɗaya. A shimfiɗa littafi a inuwa mai haske, ba cikin ɗaki ba, ba tsakiyar rana ba. A goge idon kamara da gefen mayafi mai laushi, don hannunmu ba ya rabuwa da mai. A tsaya daidai saman shafin har ya cika hoton. Kuma kafin a rufe littafi, a matso da hoton, wata da ba sakatariya ba ta karanta lambobi uku da ƙarfi. In ta yi tuntuɓe, a sake. Wannan kaɗai da muka yi tun farko, da ba mu je Maradi ba. A kuma duba kwanan wata da ke cikin kamara daidai yake, don yana shiga cikin hoton ko ba a gan shi ba.

Na huɗu, WhatsApp ma matse hoto yake yi in an tura shi yadda aka saba. Don tallan mai da ƙuli-ƙuli wannan ba laifi, ya ma fi, tunda mai saye ba ya son abin da zai cinye masa mega. Amma shafin lissafi, ko rasit, ko takardar da za a kai banki ko ma'aikatar magajin gari, a tura ta ta inda aka rubuta Document, nan ne take zuwa yadda aka ɗauke ta. Kuma hoton da ya bi hannu biyar ta WhatsApp bai zama ajiya ba. Na asali shi ne ajiya.

Na biyar, a ajiye a wuri biyu, gida biyu. Namu ɗaya na katin, ɗaya na wayar shugaba. Littafin lissafi sirrin mata ne, akwai sunan kowa da bashinta, saboda haka ba a tura shi zauren da ba na ƙungiya ba, ba a kuma ba yaro aron wayar da yake ciki. In kun ga an rubuta Formater, ku janye hannu, share komai yake yi.

Na ƙarshe, wanda ya fi duka, mun koma wa tsarin Inna. Kowa na da wurin zamanta, kowa na riƙe da bashin ta damanta, kuɗi kuma sai an ɗaga an faɗa kowa ya amsa kafin ya shiga akwati. Littafi na nan, kamara na nan, ba mu yar da ko ɗaya ba. Shaidu uku sun fi ɗaya.

Yaron da ya taɓa mana kamara ba mu ga laifinsa ba, abin da muka nema ya ba mu. Yanzu shi ne ke zuwa duk ƙarshen wata ya duba ko saitin na nan a kan L da Fine, don har yanzu ana aronta zuwa biki. In an dawo da ita, kafin a ce an gode sai an duba.

Muna roƙon kowace ƙungiya da ke da hoton littafinta, a taron wannan mako ku buɗe ɗaya ku matso da shi ku gani ko lambobi na karantuwa. In ba sa karantuwa, littafin na hannunku tukuna, ku sake ɗauka. Ku kuma ɗauki tsofaffinku hoto mai kyau tun suna zaune tare da ku.

Muna gaida ƴan uwa na Tawa, da Damagaram, da Yamai, da duk inda ake buɗe akwati. Allah ya sa albarka a zubi, ya kai mu rabo lafiya.